Babbar kyamara ko 'yar aljihu?

Malam, ka ce kana son kyamarar da za ka riƙa ɗaukar hoton biki da na hawan Sallah, amma ka rasa wadda za ka saya tsakanin DSLR, wato babbar nan da ake canja wa gilashi, da 'yar ƙaramar nan ta aljihu. Ni dai DSLR nake ba ka shawara.

Bambancin yana wajen farantin da ke karɓar haske a ciki. Na Nikon D7500, wadda DSLR ce, ya kai milimita 23.5 a faɗi, na yawancin ƙananan kuwa bai wuce 6.2 ba. Da rana tsaka a wurin shaƙatawa na Gamji ba lallai ka lura ba. Amma shiga zauren biki bayan isha'i, inda fitila ba ta da ƙarfi: ƙaramar za ta fitar da fuskar amarya dishi-dishi, adon leshinta ya dagule, babbar kuwa har zanen lalle za ka gani raɗau. Haka in dawakai suka taho a guje a hawan Zazzau, kafin ƙaramar ta gama saiti mahayin ya wuce.

Sai dai akwai nauyi. D7500 da batirinta giram 720 ce, ban da gilashin gaba, wanda shi ma kuɗinsa daban. Kuma lokacin hunturu kada ka kuskura ka canja gilashi a fili, ƙura ce za ta shige, ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

In hoton yara a gida kawai kake so, wallahi wayarka ma ta isa. In kyamara ta hannu za ka saya a Kasuwar Barci ko wani wuri, sa a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka kafin ka biya.