In sayi ƙaramar na'urar sikanin, ko in ci gaba da biya a gareji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2008, 'yar Kwatano. Duk lokacin da wutar injin ta kama sai na biya kuɗin sikanin a gareji. Na ga wata ƙaramar na'ura mai araha da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka saya, amma ka san iyakarta tun kafin ka biya.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwarka. Za ka ga soket mai ramuka 16 a layi biyu. Sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, shi ya sa na'ura ɗaya take shiga Toyota, ta shiga Honda, ta shiga Peugeot. Rami na 16 ne ke ba na'urar wuta daga batir. Ta na 6 da na 14 kuma kwamfutocin sababbin motoci suke magana.

Ita na'urar ba ta gano komai da kanta. Tambayar ƙwaƙwalwar motar take yi, ita kuwa ta miƙo lambar da ta riga ta rubuta. A nan mutane suke asarar kuɗi. P0301 cewa ta yi silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ba ta ce fulogi ne ba. Yana iya zama kwayil, yana iya zama nozul. P0420 kuwa ƙorafi ne a kan abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, amma wani lokaci sansa ce ta gaji, ko salansa ta huje, ko ma tuni an kwashe indomin kafin motar ta iso hannunka. Kada ka kama hanyar kasuwar Fanteka sayen kayan gyara don kawai ka ga lamba.

Yawancin masu arahar nan kwaikwayon wani ƙaramin cip ne mai suna ELM327, kuma injin kaɗai suke karantawa sosai. Matsalar birkin ABS, jakar iska ko giya, sai manya irin su Autel da Launch, waɗanda bakanike ne ya kamata ya saye su, ba kai ba.

Inda ƙaramar take biyan kuɗinta shi ne ranar sayen mota. Mai sayarwa zai iya goge lambobi wutar ta mutu, amma gogewar tana mayar da gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta farko. Idan manhajar na'urar da ke wayarka ta nuna da yawansu ba su kammala ba, to an goge kwanan nan, ko an cire kan batir. Ka nemi a yi doguwar tafiya da ita, sannan ka sake sakawa.

Idan ka gama, ka zare na'urar. Rami na 16 yana da wuta ko an kashe mota, kuma wasu na'urorin suna tsotse batir idan ta kwana biyu a ajiye.