Kafin ki sayi Clomid a kemis

Tambaya: Anti, shekara biyu da aurena ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, al'adata kuma sai ta shafe wata biyu ba ta zo ba. Ƙawata ta ce in sayi Clomid a kemis, wata ta ce letrozole ya fi. Wanne zan saya? Daga wata 'yar'uwa a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya kawo rabo mai albarka. Clomid da letrozole duka magungunan sa ƙwan mace ya fita ne, amma riƙe kuɗinki tukuna.

Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko da homon (sinadaran da ke kai saƙo a cikin jini) guda biyu, FSH da LH, zuwa inda ƙwan mace ke nuna. LH yana sa bangon jakar ƙwai ya sarrafa kolestarol ya zama homon irin na maza. FSH kuma ya tada wani sinadari mai suna aromatas a cikin jakar, shi ke juya wancan homon ya koma istirojin, homon ɗin mata. Idan istirojin ya taru sosai sai LH ya yi tashin gaske, bayan awa 24 zuwa 36 ƙwai ya fito.

Letrozole taka wa aromatas birki yake yi. Clomid kuwa hana ƙwaƙwalwa jin istirojin yake. Ta kowace hanya sai ƙwaƙwalwa ta ga kamar istirojin ya yi ƙaranci, ta ƙaro FSH don ƙwai ya nuna. Kin ga ke nan amfaninsu ga wadda ƙwanta ba ya fita ne. In bututun mahaifa ne ya toshe, ko matsalar tana wajen maigida, asarar kuɗi da lokaci za ki yi.

Tsallaken al'ada irin naki yakan zo da PCOS, wato rikicewar homon da kan hana ƙwai fita a kan lokaci, kuma a nan letrozole likitoci suka fi farawa da shi yanzu. Sai dai matsalar tayiroyid ko yawan homon ɗin nono ma kan jawo haka, maganinsu daban ne. Clomid kuma ba a son a wuce zagayen al'ada 6 ana sha, yana iya kawo tagwaye ko kumburin ma'ajiyar ƙwai. Mai kemis kuwa ba zai yi miki sikanin (hoton ciki) don a sa ido kan haka ba.

Tsinken gwajin fitsari na LH ma kada ki dogara da shi: mai PCOS takan ga layi biyu alhali ƙwai bai fita ba.

Ki je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, riƙe da kwanakin al'adarki a rubuce. Ki lallaɓa maigida ku tafi tare. Na san maza ba sa so, amma gwajin maniyyi ya fi duk naki sauƙi, da shi ya kamata a fara.