Gudun safe a bakin teku ga wanda ya saba da Samaru

Ɗan'uwa, ka ce an tura ka bautar ƙasa Akwa Ibom, kana tambaya ko za ka iya ci gaba da gudun da ka saba yi a gefen dam ɗin Kubanni da ke Samaru, Zariya.

Za ka iya, har ma ka dace. Bakin tekun Ibeno, kusa da Eket, yashi ne shimfiɗe mai nisa, ga kwale-kwalen masunta da itatuwan kwakwa, babu hayaƙin mota. Sai dai yashi ba kwalta ba ne. Busasshen yashi na sama yana cinye ƙarfi, ƙafa tana nutsewa, sha-raɓa ya ɗaure. Bi jiƙaƙƙen da ke dab da ruwa, shi ne mai tauri. Ruwan teku yana cikowa ya janye sau 2 a yini, kusan awa 6 tsakanin cikowa da janyewa, to tambayi masunta lokacin janyewa ka fita a sannan. Gaɓar kuma a karkace take, saboda haka inda ka bi, ta nan za ka dawo, don kada ƙafa ɗaya ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne laima, wato danshin iska. A Zariya, musamman da hunturu, gumi na bushewa nan take. Can kuwa zai zauna a jikinka, ka gaji da wuri. Fara da rabin tazararka, bayan sallar asuba, da gorar ruwa.

Iyo kuma ban ba ka shawara ba, igiyar ruwan wajen tana ja da ƙarfi.