Ku Tambayi Anti: Wai dole sai sihirin cikin labari ya bi ƙa'ida?

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Satin nan saƙonni uku ne suka faɗo a kan abu guda, duk na marubuta masu tasowa, shi yasa na haɗe su waje ɗaya. Masu tambayar gyaran rubutu da yadda ake buga littafi ku ƙara haƙuri sai wani satin in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a jami'a ina karantar kimiyyar sinadarai, kuma ina ɗan taɓa rubutu a Wattpad, irin wanda ake ɗauko taurarin wani littafi a ƙirƙira musu sabon labari, fanfikshin dai. Nawa a duniyar Harry Potter na gina shi. Toh a babi na 14 tauraruwata ta faɗa tarko an ƙwace sandar sihirinta sai na sa ta tuno wani sihiri ta kuɓuta, shine wata mai karatu ta min magana wai na ha'ince su tunda ban taɓa ambatar sihirin ba, kuma wai in tana da shi me ya hana ta yin amfani da shi a babi na 6 da ƙawarta ta mutu. Wallahi abin ya min ciwo. Ba sihiri bane Anti? ai komai zai iya faruwa. Wata ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Ƙanwata ki yi haƙuri amma mai karatun nan ta fi ki gaskiya, kuma ki riƙe ta hannu bibbiyu don ita ce ta karanta ki da zuciya ɗaya har ta tuna abin da ya faru babi takwas baya. In komai zai iya faruwa a labarinki toh babu dalilin da zai sa gaban mai karatu ya faɗi, ya san duk ramin da yarinyar ta faɗa za ki miƙo mata igiya daga sama, kuma mutuwar ƙawar nan da kika sa mutane kuka a kanta ta zama ta banza kenan tunda ashe da maganinta a aljihu.

Tunda a wannan duniyar kike rubutu bari in baki labarin wani da ya yi irin naki. Wani Ba'amurke mai bincike kan ƙirƙirarriyar basira, Eliezer Yudkowsky, ya fara sakin nasa fanfikshin ɗin a intanet a 2010 mai suna Harry Potter and the Methods of Rationality, kyauta, babi-babi, bai kammala ba sai 14 ga Maris 2015, babi 122 kalmomi sama da dubu 600. Abin da ya canza tun daga tushe shine 'yar'uwar mahaifiyar Harry da ta raine shi wani farfesa ta aura a jami'ar Oksfod, sai yaron ya tashi cikin littattafan kimiyya da gata maimakon wulaƙancin da ya sha a labarin asali. Ranar da malamar makarantar sihiri ta rikiɗe ta koma mage a gabansa bai tsaya a mamaki kawai ba, tambaya ya shiga jerowa, ina sauran nauyin jikinta ya tafi, kuma ta yaya ƙwaƙwalwar mage za ta ɗauki tunanin mutum. Ke da kike karantar sinadarai nasan wannan tambayar za ta miki daɗi. Da aka kai shi bankin matsafa ya ji sulallan azurfa 17 ke yin sulen zinare 1 kuma farashin a kafe yake, nan take ya lissafa cewa a kasuwar sauran mutane zinare ya ninka azurfa fiye da haka nesa ba kusa ba, kenan mutum zai iya yawo tsakanin kasuwannin biyu yana canji har ya kuɗance, irin lissafin da duk ɗan canji a Wapa zai gane kafin ki rufe baki.

Amma inda ya fi burge ni ba wayonsa bane, inda ya faɗi ne. Ya zauna ya yanke a ransa cewa kalmomin sihirin ba komai bane niyyar mai yi ce ke aiki, ya samu wata 'yar ajinsu mai suna Hermione suka shiga gwaji, yana canza mata lafazi yana ja ko gajarta wasali ba tare da ta sani ba, sai ga shi abin ya ƙi, in lafazi ya karkace sihirin ma ya karkace ko ya ƙi fita. Hasashensa ya rushe a gaban yarinyar da yake ganin zai koya wa, dole ya haɗiye ya sake lale. Wannan shine tunani na hankali a cikin labari, ka yi zato, ka nemi hanyar da za ta ƙaryata ka in ba daidai kake ba, ka gwada, ka karɓi abin da ya fito ko bai maka daɗi ba. Akwai kuma wajen da ya zaunar da Draco, yaron da aka raina a kan cewa jinin matsafa na lalacewa in ya gauraya da na gama-gari, suka jero dalilai daban-daban suka fitar da abin da kowanne zai haifar in gaskiya ne. Hasashen Harry shine sihiri gado ne ta ƙwayar halitta guda da sai ka samu kwafi biyu, don haka in masu kwafi ɗai-ɗai suka yi aure kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito matsafi. Kin gane lissafin ai, shine dai wanda ake yi wa masu shirin aure a asibiti in AS zai auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, lissafin da masanin kimiyyar gado Mendel ya fitar da shukar wake tun 1865.

Ban ce ki kwaikwaye shi ba fa. Ni kaina akwai babukan da suka gundure ni, yaro ɗan shekara 11 ya tsaya yana lacca shafi da shafi, ga girman kai yana ganin manya kamar ba su san komai ba, wannan ɓangaren ki bar masa kayansa. Abin da za ki ɗauka shine ki samu littafin rubutu daban ki jera duk sihirin da tauraruwarki ta sani, yaushe ta koya, me yake iya yi me ba ya iya yi. Sannan ki koma babi na 14 ki cire wancan sihirin na sama-ta-ka, ki zauna da jerin nan ki tambayi kanki da waɗannan kaɗai ya za ta fita. Zai iya cin ki kwana uku, amma abin da za ki samo zai fi na farko daɗi sau goma. Kuma ki tuna taurarin nan na J.K. Rowling ne tun littafinta na farko a 1997, rubuta na nishaɗi a raba kyauta daban, sa masa kuɗi kuma wata magana ce, kar ki fara.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni labarin yaƙi nake rubutawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, na sadaukai da bokaye da aljanu. Jarumina yana da layar zana yana da maganin ƙarfe kuma akwai aljanin da ke ɗaukarsa tafiyar wata guda cikin dare ɗaya. Da farko ana ta yabawa yanzu kuma shiru, wani ma cewa ya yi ya san ƙarshen tun yanzu. Me zan ƙara masa? Wani matashi daga Maraɗi.

AMSA: Ɗana ba ƙari za ka yi ba, ragi za ka yi. Ka ɗora wa mutum ɗaya ɓacewa da tauri da jirgin sama, toh wa ya rage da zai tsorata shi? Akwai wani marubucin Amurka Brandon Sanderson da ya yi rubutu a 2007 a kan wannan, abin da yake nufi a taƙaice shine gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labarinka gwargwadon yadda kake da damar warware matsala da shi, daga baya kuma ya ƙara da cewa iyakar sihiri ta fi ƙarfinsa amfani ga labari. Kai ba sai ka je Amurka ba ma, duk wanda ya taso yana jin labaran gida ya san asiri da sharaɗi yake zuwa, kar ka ci kaza, kar ka waiwaya, kar mace ta tsallake, kuma a ranar da aka karya sharaɗin ne labari ke ɗaukar wuta.

Ɗauki layar zanan nan ka yi mata tambayoyi kamar kai ne abokin gabarsa. In ya ɓace inuwarsa na nan ko ita ma ta tafi? Sawunsa a rairayi fa? Kare na jin ƙanshinsa? In ya hau doki dokin ma ya ɓace ne ko mutane za su ga doki da sirdi yana gudu shi kaɗai? In aka watsa masa gari ko ruwan sama ya sauka? Duk amsar da ka bayar ta zama doka ka rubuta ta ka ajiye, kuma kowace doka ƙofa ce da maƙiyi mai basira zai shigo ta ciki, ka yi tunanin wata tsohuwa a fadar sarkin da yake yaƙa wadda ba ta da tsafi ko ɗaya, ta lura kullum da safe akwai sawu a bakin rijiya ba a ga mai shi ba, sai ta sa a barbaɗa toka a duk zaurukan gidan a ɗaure karnuka a ƙofa, kaga yanzu mai karatu zai gyara zama. Aljanin ma ka sa masa farashi, duk ɗauka ɗaya jarumin ya rasa wani abu da ba ya dawowa, shekara ɗaya ta rayuwarsa ko tunanin fuskar mahaifiyarsa, sai ya zama kafin ya kira shi sai ya yi nazari mu ma muna tayashi.

TAMBAYA: Anti ni dai gani nake in aka bayyana komai daɗin ya tafi. Kakata ba ta taɓa faɗa mana dalilin da ya sa dodo ke magana ba kuma har yau tatsuniyarta na raina. Wata uwa daga Kaduna.

AMSA: 'Yar'uwa ban ƙi taki ba, Allah ya saka wa kaka da alheri. Babu wanda ya ce sai an faɗi daga ina sihiri ya samo asali, dodo ya yi ta maganarsa, dajin ya zauna da duhunsa, ni ma ina son wannan tsoron. Amma ki tuna da kyau, a tatsuniya in an ce wa yarinya kar ta buɗe ɗaki na bakwai toh ba a mantawa da maganar, sai ta buɗe kuma sai abin ya biyo baya, kinga kaka ma tana riƙe da ƙa'idarta. Bambancin yana wajen warwara ne, abin da zai jefa tauraro cikin bala'i yana iya zuwa daga duhu ba bayani, amma abin da zai fitar da shi dole ya zama mun taɓa ganinsa ko da a gefen ido. Masu rubuta labarin binciken kisa a Ingila sun daɗe da wannan, tun 1929 wani marubucinsu Ronald Knox ya jera musu dokoki goma, ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya tsinta sai an nuna wa mai karatu ita.

Shi Yudkowsky ɗin da na ambata a sama ya kai abin maƙura. A babi na 113 ya bar Harry a tsakiyar maƙiya babu alamar mafita, sai ya dakata ya ba masu karatu awa 60 su nemo yadda zai tsira da abubuwan da labarin ya riga ya nuna kaɗai, ba sabon sihiri ba mai ceto daga waje, ya ce in ba wanda ya samo gajeren ƙarshe mai baƙin ciki za su samu. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka hana idonsu barci suna komawa babukan baya suna tono, kuma an samo amsar, tana nan a shimfiɗe tun da daɗewa. Ki gwada da yaranki a daren nan, ki kai tatsuniyar daidai inda dodo ya tare hanya sai ki yi shiru ki ce toh ku faɗa min ya za ta yi, amma da abin da ke cikin ƙwaryarta kawai, sai ki rubuto min abin da suka ce.