Amsa ga mai tambayar fitilar birki da ta ƙi mutuwa bayan canza fahamat

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun bayan Azahar, sai yanzu na samu zama. Ka ce BMW ɗinka 320i ce ta 2008, ka canza fahamat na gaba a sana'iyya, wato unguwar makanikai, a nan Jidda, fitilar birki ta ƙi mutuwa, makaniken kuma ya ce ka koma ya haɗe maka wayoyin biyu ta mutu. Kana so ka san ko akwai matsala a yin hakan.

Akwai matsala, kada ka yarda. Amma bari mu bi abin daga tushe, domin na ga wasu a ƙarƙashin tambayarka sun ce ka cire kan batir, wasu sun ce ka ƙara man birki, kuma ba wanda ya tambaye ka wace fitila ce ma ta kama.

Ga 'yan'uwa da ke karantawa daga gida, fahamat shi ne abin da ake ce wa birki fad, hob ko hobat shi ne faifan da yake matsewa, hassas kuma shi ne sensa. Da sunayen nan za ka nema a kowane shagon kayan mota a nan Saudiyya.

Fitilun da suka shafi birki uku ne, mutane kuma suna cakuɗa su. Akwai ja mai da'ira da alamar motsin rai a ciki: wannan birkin hannu ne ba a sauke ba, ko man birki ya yi ƙasa. Akwai mai rubutun ABS, wadda ta shafi hassas ɗin da ke ƙidaya juyawar taya. Sai ta uku, mai ruwan ɗorawa, da'ira da baka biyu masu tsinke-tsinke a gefenta. Ita ce ta cinyewar fahamat. A irin motarka wani lokaci takan zo da hoton mota a kan jak da adadin kilomita a ƙasa. Idan ja ce ta kama kuma birkin hannu a sauke yake, ajiye motar ka buɗe gaba ka duba robar man birki kafin ka sake tuƙa ta ko da zuwa masallaci ne. Idan ABS ce ta kama bayan aikin alhali da babu ita, to galibi an ja wayarta ko an bar soket ɗinta a kwance lokacin da aka kwance taya. Daga yadda ka siffanta taka, ta uku ce, don haka a kanta zan tsaya.

Yawancinmu a kan Camry da Corolla da Hyundai muka koyi mota. Galibin waɗannan ba su da wata waya a jikin fahamat. Ɗan ƙarfe ne siriri aka maƙala a gefensa, idan ya cinye sai ƙarfen ya riƙa gogar hob yana ƙara kamar ana wasa wuƙa, ka ji da kunnenka ka je ka canza. Makaniken da ya shekara goma a kan irin waɗannan motoci, idan aka kawo masa ta Jamus, yakan canza fahamat ya mayar da tsohon hassas yadda ya same shi, domin a saninsa aikin ya ƙare. A nan aka fi samun matsalar.

Shi hassas ɗin ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Waya ce da aka lanƙwasa aka binne a cikin ɗan kan roba, aka soke shi a jikin fahamat na ciki, wanda ke ɓangaren fistin da ke tura shi. Sabon fahamat na gaba kaurin namansa yakan kai milimita 10 zuwa 12. Yana cinyewa har ya sauko wajen milimita 2 zuwa 3, sai hob ya fara cin kan robar, ya ci har ya tsinke wayar. Wuta ta daina zagayawa, kwamfutar mota ta kunna fitila. Ka ga ke nan hassas abu ne da aka yi shi don ya mutu sau ɗaya. Wanda ya riga ya kunna fitila ya gama aikinsa, ko ka sa masa fahamat na wakala, wato dillalin kamfanin motar, sabo fil, waya a tsinke take. Dole a saya sabo, kuma kuɗinsa bai kai na fahamat ɗin ba.

A motarka guda biyu ne kacal: ɗaya a tayar gaba ta hagu, ɗaya a tayar baya ta dama. Wannan ma ya kamata ka bincika, domin na sha ganin an canza na gaba alhali na baya ne ya kunna fitilar. Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, shiga jerin sabis a dashbod ka ga wanne ne yake nuna ya ƙare, gaba ko baya.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da BMW na wancan zamanin. Hassas ɗinsu hawa biyu ne. Idan hob ya ci hawa na farko, fitila ba ta kamawa, kwamfuta ce kawai take amfani da shi ta gyara lissafin kilomitan da suka rage maka. Sai ya ci na biyu take kunna gargaɗi. Shi ya sa wani zai ce ai fitilata ba ta taɓa kamawa ba, don me zan canza hassas, sannan a zo goge lissafin ya ƙi goguwa, ko ya gogu ya ba da adadin da bai dace da sabon fahamat ba. Ni dai a irin motar nan duk lokacin da na canza fahamat na ɓangaren da ke da hassas, tare nake saye.

Bayan an sa sabo, fitilar ba za ta mutu da kanta ba, sai an gaya wa kwamfuta. Ba sai ka biya mai na'ura ba. Rufe ƙofofi, ka kunna wuta ba tare da ka tayar da inji ba, wato ka danna maɓallin ba ka taka birki ba. Danne ɗan maɓallin da ake goge kilomitan tafiya da shi wajen daƙiƙa 10, har alamar sabis ta fito. Da ɗan makunnin da ke jikin sandar sigina za ka zaga har ka iso alamar birkin gaba, ka danna maɓallin da aka rubuta wa BC da ke bakin sandar, za ta tambaye ka ko a goge, ka sake dannewa ka riƙe har sabon adadi ya fito. Idan ta ƙi, ko ta nuna layuka a maimakon lamba, to har yanzu kwamfuta tana ganin waya a tsinke. Tsofaffin BMW da suka gabace ta, irin samfurin E46 da E39, sun fi sauƙi: ka juya makulli zuwa mataki na biyu ka bar shi wajen daƙiƙa 30, fitilar ta mutu. Marsandi kuwa galibi da zarar an sa sabon hassas saƙon yake ɓacewa. Yawancin Volkswagen wayar a jikin fahamat ɗin take fitowa, wanda ya sayi marar waya don ya fi araha sai ya ga soket na reto babu abin da zai soka masa.

Idan hassas sabo ne kuma ta ƙi goguwa, to ka bi wayar. Daga kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fahamat yana matse hob, take hawa ta shiga wani ɗan akwatin roba a cikin ramin taya, a nan soket ɗin yake. Akwatin yana cika da ƙura, kuma danshin Jidda yana sa bakin soket ya yi kore. A buɗe, a goge, a soka har a ji ya yi ƙas. A duba ko an mayar da wayar cikin maƙalanta, domin idan an bar ta tana lilo, cikin wili zai goge ta cikin kwana kaɗan. Mai lantarkin mota zai iya ɗora mita a kan bakin hassas ɗin ya gaya maka cikin minti ɗaya ko a haɗe yake ko a tsinke. Kuma don Allah kada ka sayo hassas a tashlih, wato inda ake sayar da kayan da aka kwance daga tsofaffin motoci. Ƙofa da fitila da madubi a saya a can, amma abin da aka yi don ya cinye, wanda aka ciro daga wata mota ba ka san nawa ya rage masa ba.

Ka sa yatsa a bakin hob ɗin ma, idan ya huce. Idan ka ji ya yi leɓe mai tudu a gefe, wannan leɓen yana iya cin kan sabon hassas tun fahamat bai je ko'ina ba. A jikin kowane hob an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, bayan haruffan MIN TH. A auna. Idan ya kai nan, gogewa a injin kharaɗa, wato injin fere ƙarfe, ba ta da amfani, canzawa za a yi.

Yanzu maganar haɗe waya. Gaskiya ne, idan aka fere wayoyin biyu aka murɗe su wuri guda, kwamfuta za ta ga wuta na zagayawa, a goge lissafin fitila ta mutu, kuma hassas ɗin ba zai sake kunna ta ba har abada. Abin da ya sa nake jin zafin wannan aiki, ya taɓa faɗa mini.

Shekarun baya ina tuƙa wani gida, maigidan ya sayi mota ta hannu, ta Jamus. Dashbod fes, ba fitila ko ɗaya. Na leƙa ta tsakanin wili na ga fahamat na waje da sauran nama, na ce lafiya lau. Da zafi ya yi muka kai iyali Ɗa'if, muka kwana uku, muka kamo hanyar Hada za mu sauko Makka. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi: Ɗa'if tana sama da mita 1,800 a kan dutse, Makka kuwa wajen mita 300, kuma duk wannan gangaren kwana ne a kan kwana. Mun wuce inda birai suke taruwa a bakin titi ke nan na fara jin gurnani a tayar gaba ta hagu duk lokacin da na taka birki, sitiyari na karkarwa a hannuna, wari na shigowa. Mata da yara biyar ne a bayana. Na mayar da giya ƙasa, na lallaɓa har na samu wurin fakewa, muka zauna fiye da awa guda ana jiran ƙarfe ya huce. Uwargidan ba ta ce mini komai ba, salati kawai take yi.

Da aka kwance tayar a warsha, wato gareji, fahamat na ciki babu nama ko kaɗan, ƙarfe ne yake cin ƙarfe, hob ya yi shuɗi ya tsattsage. Ɗaya daga ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu ya ƙafe, shi ya sa na ciki kaɗai yake aiki, na waje da nake gani da ido yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Muka bi wayar hassas muka same ta a yanke, an murɗe an naɗe da baƙin salatif an cusa bayan robar ramin taya. Wanda ya yi wannan aikin ya rufe bakin abu ɗaya tilo da zai gaya mini halin da fahamat na ciki yake, tun ina Jidda a kan shimfiɗaɗɗen titi. Kuma irin wannan ba lallai fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya kama shi ba: na'urarsu ƙarfin kamun birki take aunawa a ranar, fahamat mai milimita 2 kuwa yana kamawa. Ka sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, hankalinka kwance, alhali saura ƙiris.

Tunda za a sake kwance tayar, ka sa a zare ƙusoshin kalifar nan a goge a sa musu girishin birki, a duba robobinsu ko sun yage. Ka duba man birki ma. Yana sauka a hankali yayin da fahamat ke cinyewa, idan aka tura fistin baya don sa sabo sai ya dawo sama, don haka wanda ya ce ka ƙara mai bai ga motarka ba. Idan ya wuce layin MAX ragewa ma za a yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekarunsa. Man birki yana shan danshin iska. Man birki samfurin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155, kuma a gangare irin na Hada ne ake gane bambancin, lokacin da feda ta nutse ƙasa babu kamu. Duk shekara biyu ake canza shi, mu da ke bakin teku kada mu wuce haka.

Idan an gama, kafin ka motsa motar ka taka birki sau da yawa har fedar ta yi tauri. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka riƙa taka shi a hankali, fahamat ya zauna a kan hob.

Gobe in Allah ya kai mu ka koma wurin makaniken, cikin mutunci, ka tambaye shi ko ya sa sabon hassas. Idan ya ce ya sa, ya nuna maka tsohon da ya cire. Idan bai sa ba, ɗauki lambar shasi daga istimara ka je ka sayo na gaba, domin na gaba da na baya tsawon wayarsu ba ɗaya ba ne, ka tsaya a kansa ya soka shi, sannan ka goge lissafin da hannunka yadda na faɗa. Idan duk da haka ta ƙi mutuwa, ɗauko hoton dashbod da na soket ɗin ka sa a nan, mu duba tare.