Akuyar da ta ci zaƙami: me ke samun gani da koyonta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon awaki a gefen Garwa, kusa da kogin Binuwai. A ƙarshen rani akuyata ta ci zaƙami a juji, ta yini tana karo da danga, ko ɗanta ba ta kula ba. Shin abin da ke gusar da hankalin mutum yana taɓa ji da gani da koyon dabba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara albarka a garke. Yana taɓawa ƙwarai. Zaƙami, wanda ake wa laƙabi da haukata-yaro, yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, sinadaran da ke toshe hanyar wani saƙon jijiya mai suna asitilkolin. Baƙin idon dabba yakan buɗe har haske ya dame ta, shi ya sa akuyarka ta riƙa karo da danga. Bakinta ya bushe, tumbinta ya daina motsi, tuƙa ta tsaya.

Batun koyo kuwa an gwada shi sosai a kan ɓeraye. Akan saka ɓera cikin babbar kwatarniyar ruwa da aka ɓoye masa matakin hutawa a ciki. Lafiyayyen ɓera, bayan 'yan kwanaki, kai tsaye yake nufar matakin, amma wanda aka yi wa allurar sikofolamin sai ya yi ta kewaye kamar bai taɓa shiga ruwan ba, domin sabon abu ba ya zama a ƙwaƙwalwarsa.

Game da ji kuwa, an gwada LSD, wani sinadarin daban mai gusar da hankali, wanda masanin sinadarai Albert Hofmann ya gano tasirinsa a Suwizalan a 1943; ta hanyar wani saƙon jijiya mai suna sirotonin yake aiki. Tun da dabba ba ta magana, halinta ake aunawa: idan ƙaramar ƙara ta gabaci babba, lafiyayyen ɓera ba ya razana sosai, amma wanda aka ba LSD wannan kariyar daga razana takan raunana a wurinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne zaƙamin da ke shiga harawa ya bushe a ciki, domin ɗanyensa dabba takan guje shi saboda wari, sai yunwa ta matsa mata. Idan hakan ta sake faruwa, ka kai ta inuwa, kada ka yi mata ɗura don kada ta shaƙe, ka kira likitan dabbobi nan take. Ka kuma tuge zaƙamin jujin kafin 'ya'yansa masu ƙaya su fashe.