Hukuncin Kiwon Mesa a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a gidanmu a Samaru tare da mahaifiyata da ƙannena. Tun ina yaro nake son dabbobi. Wani abokina ya samo mini 'yar mesa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ina so in raine ta kamar yadda nake gani a intanet. Mahaifiyata ta ce ba a gidanta ba. Ni kuma na ce ai mesa ba ta da dafi, kuma na ji a karatu cewa Malikawa ma sun halatta cin maciji. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ɗana, abin da nake gani shi ne bai halatta ka ajiye mesa a gida don sha'awa ba. Ko da ba a zo kan dalilan fiƙihu ba, maganar mahaifiyarka kaɗai ta isa ta tsayar da kai, domin gidanta ne, kuma abin da ta hana ka ba wajibi ba ne balle ka ce za ka saɓa mata. Amma tunda ka nemi hujja, ga ta.

Asalin kiwon dabba halal ne. Ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har ma yakan tsokane shi da tambayar labarin tsuntsun. Shi ya sa ba mu cewa komai ga mai kiwon tattabaru ko zomaye. Maciji kuwa nassi ya fitar da shi daga wannan asali. A ruwayar Muslim daga Nana A'isha an lissafa shi cikin fasiƙan dabbobi biyar da ake kashewa ko a cikin Harami. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito umarnin kashe baƙaƙe biyu ko da mutum yana cikin salla, wato maciji da kunama. Ibn Mas'ud ya ba da labarin suna tare da Annabi (SAW) a wani kogo a Mina lokacin da aka saukar da Suratul Mursalat, maciji ya fito, ya ce su kashe shi. Daga irin waɗannan ne fuƙaha'u suka ce abin da aka yi umarni da kashe shi ba a ajiye shi. Mafi sassaucin da shari'a ta yi wa macijin da aka gani a gida shi ne a yi masa gargaɗi sau uku ya fita, saboda ƙissar saurayin nan angon da ya soki maciji a kan shimfiɗarsa a lokacin yaƙin Khandaƙ, suka mutu tare. Mai Risala ya ce wannan a Madina ya zo, in an yi a wani gari ma ya yi kyau. To ka ga ko sassaucin ma kora ce, babu inda aka ce a gina masa ɗaki.

Maganar da ka ji a karatu gaskiya ce. Shehu Khalil, malamin fiƙihun Malikawa, ya ambaci maciji a cikin abin da ya halatta a ci, da sharaɗin an aminta daga dafinsa, kuma sai an yanka. Sai dai wannan babin abinci ne, ana magana kan macijin da aka riga aka yanka. Kai kuma kana tambaya kan rayayye da zai kwana gida ɗaya da yara. Kada a ɗauko hukuncin wani babi a kai wani.

Ka ce ba ta da dafi. Haka ne, mesa ba irin kububuwa ko kasa ko gamsheƙa ba ce. Amma illar da ta sa aka yi umarni da kashe maciji ita ce cutarwa, dafi kuwa hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyinta. Mesa naɗe abin da ta kama take yi ta matse har ya mutu. Irin tamu ta Afirka ita ce maciji mafi girma a nahiyar, takan kai mita huɗu har ta wuce, kuma 'yar da ke tafin hannunka yau cikin 'yan shekaru za ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A shekarar 2013, a garin Kambelton na ƙasar Kanada, irin wannan mesa ta sulale daga inda aka killace ta ta bi bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan uwan juna suke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, ta kashe su. Mai ita kuwa sana'arsa ke nan, kantin irin waɗannan dabbobi gare shi. Maciji ba ya sabo irin na kyanwa. Ranar da ka taɓa kaza ka sa hannu a akwatinta, warin abinci za ta ji, ba warin ubangida ba. Ga kuma ƙwayar cutar salmonela da macizai ke ɗauke da ita a kashinsu, mai sa zazzaɓi da gudawa, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma hana a firgita Musulmi. Ka tuna maƙwabta da ranar da za a ce mesar gidan su wane ta ɓace.

Akwai ɓangaren da masu tambaya ba su cika kawowa ba, ni kuwa ya fi damuna, wato haƙƙin ita dabbar. Ya zo a hadisi cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Duk wanda ya killace mai rai, ɗawainiyarsa ta hau wuyansa. Jikin mesa ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje take samu. Tana buƙatar wuri mai ɓangaren ɗumi kusan digiri 30 da ɓangare mai ɗan sanyi, ta riƙa kai da komo, in ba haka ba abinci ba zai narke mata ba. Kai ka san sanyin Zariya a Disamba da Janairu, ka kuma san yadda wuta take zuwa ta ɗauke. Buji yana busar da iska, ita kuwa sai da laima take yin saɓa lafiya. In babu, tsohuwar fata ta manne mata har a ido, ciwon numfashi ya biyo baya. Tana son ruwan da za ta shiga ta jiƙa dukkan jikinta, da maɓoya, da wuri mai faɗi mai ƙofa da kwaɗo. Abinci kuwa daga ɓeraye za a fara, a koma kaji da zomaye. In ka jefa mata su da rai ka azabtar da su, ɓeran ma yakan cije ta ya ji mata ciwo. Kuma wannan hidima ba ta shekara ɗaya ba ce, mesa takan yi shekara 20 ko fiye. In an tura ka bautar ƙasa, wa za ka bar wa? Hajiya? A jihar Fulorida ta Amurka, mesar ƙasar Bama ta nahiyar Asiya da aka shigo da ita don kiwo ta bazu a fadamun Ebagiles, yanzu hukuma ce ke biyan mafarauta su rage ta. Kuɗin da za a zuba a nan babu nono babu ƙwai babu gadi, ina jin tsoron ya shiga tozarta dukiya da aka hana.

Hukuncin yakan canza idan akwai buƙata ta gaskiya. Masu tatsar dafin kububuwa don haɗa maganin da ake yi wa mutane allura a asibitin saran maciji na Kaltungo, da masu bincike, da gidan zu, ajiyarsu ta halatta, har akwai lada in niyya ta gyaru, matuƙar akwai ƙwarewa da tsaro da izinin hukuma. Ban sa gardawa masu yawo da macizai a kasuwa cikin wannan ba, musamman in an haɗa da da'awar asiri da sayar da layu.

Game da wadda ke hannunka, kada ka sake ta a kwata ko bayan gida. Ka mayar wa abokinka tare da wannan nasiha, ko ka nemi shawarar likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga su nan kusa da kai, su nuna maka inda za a miƙa ta. In son halittun nan ya zauna maka a rai, ka bi shi ta hanyar karatu a wajensu. Ka kuma je ka ba mahaifiyarka haƙuri kan musun da ka yi da ita.

Wallahu a'alam.